Gasar Kotun Gwaji a Kaduna: A Ba Hausa da Tafinta Gurbinsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wani aiki da aka sa ni ciki a nan Kaduna kwanakin baya, wato taimakawa wajen karɓar baƙuncin gasar kotun gwaji ta ɗaliban shari'a na jami'o'i. Na fito daga aikin da wata magana da ta tsaya mini a rai, wadda nake ganin ta shafi malaman tsangayoyin shari'a da lauyoyi da alƙalai, ta kuma fi shafar talakan da bai taɓa jin sunan irin wannan gasa ba.

Ni ba lauya ba ne, ban kuma taɓa sa hular gashin nan tasu ba. Na fara aikin kotu ina saurayi a matsayin tafinta, na koma akawu, na ƙare a kujerar rajistara bayan na cika shekara 35 da aka yanke wa ma'aikacin gwamnati. Saboda haka da ɗan ƙanwata, wanda ƙaramin lauya ne kuma yana cikin kwamitin shirya gasar, ya same ni a gida bayan sallar isha'i ya ce, "Kawu, muna neman wanda zai mayar mana da zaure kotu, ya kuma koya wa yara yadda akawu yake tafiyar da zama," ban ja masa rai ba. Na ɗauka aikin yini biyu ne, ashe sai ya ci mini mako uku.

Ga mai karatun da bai san ta ba, kotun gwaji zama ne da ake kwaikwayon kotun ɗaukaka ƙara a cikinsa. Masu shirya gasa sukan ƙirƙiro wata shari'a da ba ta taɓa faruwa ba, su rubuta yadda ta kasance da irin hukuncin da kotun farko ta yanke, su aika wa jami'o'i tun da sauran lokaci. Kowace tawaga za ta rubuta bahasinta a takarda ta fuska biyu, na mai ɗaukaka ƙara da na wanda aka ɗaukaka ƙarar a kansa, sa'an nan ranar gasa ɗalibai biyu su miƙe a gaban alƙalai uku su kare da baki abin da suka rubuta. Ba a kiran shaidu, ba a rantsar da kowa, ba a kuma jayayya a kan abin da ya faru. Gardamar duk a kan abin da doka ta ce ne. Tawagar da ta tsaya wa mai ɗaukaka ƙara da hantsi ita ce za ta tsaya wa abokin shari'arsa da la'asar, ta rushe ginin da ta yi da hannunta. Al'adar ta samo asali daga tsofaffin makarantun lauyoyi na birnin Landan. Wadda ta fi shahara a yau ita ce gasar Jessup, da aka fara a Amurka a 1960, inda ake kwaikwayon Kotun Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan. A nahiyarmu kuma akwai gasar da Cibiyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Firitoriya a Afirka ta Kudu take shiryawa tun 1992, wadda zan sake ambato a gaba. Tamu ƙarama ce idan aka kwatanta da waɗannan, domin tawagogi takwas ne a kwana uku.

Mai kallo yana ganin ɗalibai cikin baƙar kwat da farar riga, da alƙalai a kan dandamali, ya ce abin ya yi kyau, ya tafi gida. Mai masauki shi ya san inda ɗakin yake yoyo. Tawagogi takwas na nufin ɗakuna huɗu suna zama a lokaci guda, kowane ɗaki da alƙalai uku da akawu da mai lura da lokaci, wato alƙalai goma sha biyu a kowane zagaye, kuma dukansu mutane ne masu aikin kansu, waɗanda ba a biyan su ko sisi. Mun ari tebura da kujeru, mun sa kafinta ya haɗa dandamali, domin dole mazaunin alƙali ya ɗara na mai magana tsawo, ɗalibi ya saba da ɗaga kai yana magana ba tare da muryarsa ta shige cikin takarda ba. Lokacin hunturu ne, duk teburin da aka goge da daddare sai a sake goge shi da asuba. An sayi man janareto, an tura mota tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da tashar Kawo ɗauko baƙi, an nemo wa ɗalibai mata masauki daban tare da wata dattijuwa da za ta kwana da su, saboda iyayensu sun yi ta kiran waya kuma suna da gaskiya. Jadawalin ma sai da aka sake shi sau uku, don kada zama ya ci karo da sallar Juma'a ko ibadar safiyar Lahadi, kasancewar Kaduna gari ne da ba a shirya taro a cikinsa a manta da ɗaya daga cikin biyun.

Akwai kuma aikin tsare gaskiyar gasar, wanda ya fi kama da abin da na saba. Mun cire sunayen jami'o'i daga kan takardu muka ba kowace tawaga lamba, muka hana ɗalibai faɗin inda suka fito, don kada alƙali ya ji sunan makarantar da ya yi zuciyarsa ta karkata. Mun tambayi kowane alƙali ko yana da ɗa ko ɗalibi ko yaron ofis a cikin masu gasar, kuma da aka sami ɗaya da yake koyar da wata tawaga sai aka canja masa ɗaki. An hana malaman da suka rako ɗalibai miƙa musu takarda ko yi musu inkiya, an karɓe wayoyi a bakin ƙofa. Makin alƙalai mutum biyu ne suke tara shi daban-daban, na uku ya gwada lissafinsu. Wasu a kwamitin sun ce na cika tsanani, sai ga shi a daren farko wata yarinya daga cikin masu taimako ta gano an karanta 7 a matsayin 1 a takardar wani alƙali, kuskuren da ya isa ya kori tawagar da ta cancanci wucewa. Daga nan ba wanda ya sake cewa komai.

Abin da ya fi ba ni wahala, kuma a kansa gasar take tsayawa ko ta faɗi, shi ne alƙalai. Ɗalibi bai zo don ya karanta hadda ba, ya zo ne a tare shi da tambaya a tsakiyar magana, a ja shi zuwa inda hujjarsa take da rauni, a ga ko zai tsaya ko zai zame. Alƙalin da bai karanta takardun ba ba zai iya wannan ba. Mun sami wani tsohon mai shari'a da ya yi ritaya, ya zo da takardun ɓangarorin biyu duk ya ja musu layi da jan biro, kuma duk ɗalibin da ya tsaya a gabansa ya fita yana share gumi, amma su ne kuma suka yi ta neman ɗaukar hoto da shi bayan an tashi. Mun kuma sami wanda ya iso da ambulan ɗinsa ko buɗewa bai yi ba, ya zauna yana gyaɗa kai har lokaci ya cika, ya ba kowa maki kusan ɗaya. Na ukun, Allah ya ba shi lada da zuwan da ya yi, ya cinye kusan rabin lokacin wani yaro yana ba da labarin wata shari'a da ya yi nasara a cikinta shekarun baya, ni kuwa ina riƙe da kwalin da ke nuna saura minti ɗaya, ban san ko yaron zan nuna wa ko mai shari'ar ba. Bai kamata Kaduna ta rasa alƙalan gasa ba. Nan ce hedikwatar tsohuwar Jihar Arewa, a zauren Lugard aka zartar da kundin laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, akwai reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara da Babbar Kotun Tarayya da Babbar Kotun Jiha da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ta gargajiya, ga tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo, Zariya, tafiyar sa'a guda ko sama da haka kaɗan. Mutanen suna nan. Abin da ake roƙonsu shi ne dare ɗaya na karatu kafin ranar.

Duk wannan, Malam Edita, sharar fage ce. Maganar da ta kawo ni tana cikin shari'ar da aka ƙirƙiro wa gasar.

An ƙaga cewa an kama wani manomi a wata jiha da babu ita a taswira, ana tuhumarsa da fashi. Ba ya jin Turanci. A ofishin 'yan sanda ya yi bayani da Hausa, wani jami'i ya fassara, wani daban ya rubuta da Turanci, aka sa manomin ya dangwala yatsa a ƙasan takardar. A kotu aka gabatar da takardar a matsayin iƙirarinsa na aikata laifi, wanda ya rubuta ya ba da shaida, amma ba a kira wanda ya fassara ba, lauyan da ke kare shi kuma bai yi suka ba a lokacin, aka ɗaure shi. Ɓangaren manomin suka dogara da abin da Kotun Ƙoli ta sha nanatawa, cewa bayanin da aka ɗauka ta bakin tafinta ba ya zama hujja sai tafintan ya zo ya tabbatar da abin da ya ji da abin da ya fassara. Suka haɗa da sashe na 36 na kundin tsarin mulki na 1999, wanda ya ce a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Ɓangaren gwamnati suka ce an bar damar suka ta wuce, kuma akwai wasu shaidu da suka ishi kotu ko da an ajiye takardar gefe. Wanda ya tsara wannan shari'a ya san aikinsa, domin kowane ɓangare yana da abin faɗa.

A zagayen kusa da na ƙarshe na zauna a kujerar akawu, taku biyu tsakanina da wata ɗaliba da ke tsaya wa manomin. Ta fara da kyau, sai tsohon mai shari'ar nan na jan biro ya katse ta. Da Turanci aka yi, ni nake fassara muku. Ya ce, "Lauya, idan tafintan nan ya rasu kafin ranar shari'a fa? Kina nufin ɗan fashi ya tafi gida saboda Allah ya ɗauki ran wani?" Ɗakin ya yi tsit. Daga inda nake ina ganin yadda ta danna babban yatsanta a gefen tebur har farcen ya yi fari, takardar da ke ɗaya hannun tana rawa. Ta ajiye takardar. Ta ce, "Ya mai shari'a, har yanzu ba ɗan fashi ba ne, mutum ne da ake tuhuma, kuma tsarin mulki ya ɗauke shi marar laifi sai an tabbatar. Idan mai gabatar da ƙara ya rasa shaidarsa, asarar tasa ce, ba za a ɗora wa wanda ake tuhuma ba." Mai shari'ar bai ce komai ba, ya sunkuya ya rubuta wani abu. Na ga lauyoyi masu shekara goma a aiki da irin wannan tambaya ta kayar. Kusan rabin masu gasar mata ne, abin da ya tuna mini cewa sai a 2012 mace ta fara zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, wato Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, 'yar Arewa.

A ranar ƙarshe zauren ya cika. A can baya, kusa da ƙofa, dattijon da ke gadin wurin ya jawo benci ya zauna tare da matar da ta yi mana girki, suka kalli zaman tun daga farko har aka raba kyaututtuka. Ina tattara ƙararrawa da kwalayen lokaci sai ya matso ya ce, "Malam, don Allah mutumin nan an sake shi ko ba a sake shi ba?" Wani yaro ne ya gaya masa a gurguje cewa shari'ar wani manomi ake yi, shi kuwa ya ɗauka da gaske ne. Na ce masa, "Baba, babu mutumin, gwaji ne ake yi wa ɗalibai, kuma alƙalan iya magana suke aunawa, ba hukunci suke yankewa ba." Ya ce to, amma a kan me aka yi ta musu haka? Sai na ga dama ta samu, na kira yaron da ya karɓi kyautar gwanin magana, Bahaushe ne gaba da baya, na ce ya yi wa Baba bayani.

Yaron da ya yi minti goma sha biyar yana zuba ba gargada a gaban manyan alƙalai sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya fara, Turanci ya shigo, ya koma, ya sake farawa. A ƙarshe ya ce, "Baba, wai takardar da 'yan sanda suka kawo shaidar zur ce." Dattijon ya riƙe baki ya ce ashe ƙarya suka shirya masa. Dole na sa baki, domin ba wanda ya ce an yi ƙarya a shari'ar nan. Na ce wanda ya rubuta takardar bai ji maganar manomin da kunnensa cikin harshen da yake ganewa ba, abin da wani ya gaya masa ya rubuta, kuma wanda ya gaya masan bai zo kotu ba. Baba ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Au, to ai wannan 'an ce mini' ne. Ko a gaban mai unguwa ba a kama mutum da 'an ce mini'." Abin da ɗalibai goma sha shida suka kwana uku suna jujjuyawa, mai gadi ya ɗaure shi a jimla biyu. Daga baya ya gaya mini cewa ɗansa ya taɓa dangwala yatsa a kan wata takarda da bai san abin da ke cikinta ba, kuma har yau ba wanda ya karanta musu ita.

Ban ga laifin yaron ba. Shekara biyar ya yi ko yake yi a jami'a da Turanci, zai ƙara shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, ko a Bwari ko a Bagauda ko a wani reshen, ita ma da Turanci, kuma ba a taɓa ba shi maki ko ɗaya don ya iya faɗin doka da harshen uwarsa ba. Abin da ba a ba da maki a kansa ɗalibi ba ya ɓata dare a kai. Amma ranar da ya buɗe ofis a Kaduna ko Zariya ko Kafanchan, mai shigowa da takalmi a hannu yana cewa an kama ɗansa irin Baba ne, kuma idan lauya ya ce masa "shaidar zur" a inda ya kamata ya ce "an ce mini", mutumin zai koma unguwa yana zargin wanda bai yi ƙarya ba, ko ya ɗora rai a kan nasarar da babu ita.

Na yi shekaru ina tsaye tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma, na kuma san yadda kalma ɗaya take juya shari'a. A karanta wa dattijo tuhuma, a tambaye shi ya aikata ko bai aikata ba, ya durƙusa ya ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe." Wannan ladabi ne na wanda ya tsinci kansa a gaban hukuma, amma tafinta marar lura zai iya mayar da shi amsa laifi. Mutum ya ce "na ji", ana iya nufin sauti ya shiga kunnensa, ko ya fahimta, ko ya amince, kuma ukun ba ɗaya ba ne a wurin doka. Mai shaida ya ce wane "ɗan'uwana ne", sai an bi a hankali kafin a san uwa ɗaya uba ɗaya ne, ko ɗan baffa, ko dai garinsu ɗaya kawai. A rikicin gona kuwa, tsakanin aro da jingina da haya da sayarwa akwai gonar iyali sukutum, a rikicin kuɗi kuma rance daban, ajiya daban, domin wanda ya kasa biyan rance bashi ake binsa, wanda ya cinye ajiya kuwa ana iya tuhumarsa da cin amana. Lauyoyi ma suna da nasu rabon a wannan matsala. Wani zai jero tambaya mai rassa uku da korewa biyu a cikinta, ya ce a amsa da e ko a'a, kuma duk amsar da mai shaida ya bayar ba wanda ya san wane reshe ya amsa. Ba a koya masa yin tambaya ta bakin tafinta ba, saboda haka bai san ana gajarta jimla, a tsaya, a jira ba.

Ba ina kiran a kori Turanci daga kotu ba ne. Shi ne harshen manyan kotunanmu, da shi ake rubuta hukunci, har takardun shari'ar da aka yi da Hausa sai an fassara su kafin su hau Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, kuma ɗalibin da bai ƙware a cikinsa ba an cuce shi. Amma yawancin mutanenmu ba a Kotun Ƙoli suke haɗuwa da doka ba. A ofishin 'yan sanda suke haɗuwa da ita, da kotun majistare, da kotun shari'ar Musulunci inda Hausa ce harshen aikin yau da kullum, da kotun gargajiya, da kan benci a ofishin lauya. Gasar da ke shirya lauya don bene na sama kaɗai ta bar shi ba shiri a ƙasa, inda zai fi daɗewa.

Shawarata ga masu shirya irin wannan gasa a Arewa ita ce, bayan ɗalibi ya gama bahasinsa da Turanci, a ba shi minti biyar ya juya ga wani mutum da aka zaunar a matsayin wanda yake karewa, mutumin gari na gaske wanda bai yi boko ba, ya bayyana masa abin da ya roƙi kotu da dalilinsa da abin da zai biyo baya idan an yi nasara ko an faɗi. Sa'an nan alƙalai su tambayi mutumin abin da ya fahimta, a ba da maki a kan amsarsa. Ko kashi goma cikin ɗari aka ware wa wannan ya isa ya sa ɗalibai su fara neman kalmomin tun daga makaranta. Idan abin ya zauna, ana iya ƙara zagaye guda cikakke da Hausa a kan al'amuran da sashe na 277 na tsarin mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci hurumi a kansu, irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, a gayyato ƙadi-ƙadai masu ritaya su zauna, su da suka san littattafan fiƙihu irin su Tuhfa da Mukhtasar kamar tafin hannunsu.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini a taron kwamiti: ba duk masu gasa ne suke jin Hausa ba, akwai 'yan kudancin ƙasar nan, akwai ma 'yan jihar nan da Hausarsu ta ciniki ce kawai, kuma za a ce an fifita wasu. Maganar tana da nauyi, musamman a Kaduna, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Amsata ita ce wanda ba ya jin Hausa a ba shi tafinta, a auna shi a kan yadda ya yi aiki da tafintan, wanda shi ma gwaninta ce da zai bukata duk inda aka tura shi bautar ƙasa. Wanda yake jin Bajju ko Tyap ko Gbagyi ko Fulatanci ko Yarbanci, idan an sami mai sauraro da alƙali mai jin harshen, ya yi da shi. Tun da makin yana kan abin da mai sauraro ya fahimta ne, Bahaushen da ya ce "shaidar zur" zai iya faɗuwa, baƙon da ya yi gajerun jimloli masu tsabta ta bakin tafinta ya ci. Kuma ba baƙon abu ba ne gasa ta ɗauki harshe fiye da ɗaya, domin gasar nan ta Firitoriya da Turanci da Faransanci da harshen Fotugal ake yin ta, a zagayen ƙarshe ma ana fassara wa mahalarta nan take. Idan an iya yi wa harsunan Turai uku wannan hidima a Afirka, ban ga abin da zai hana a yi wa Hausa a Kaduna ba. Tafintoci kuwa ba sai an je nesa ba, ɗaliban sashen harsunan Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Jami'ar Bayero za su amfana da wannan horo kamar yadda ɗaliban shari'a za su amfana, kuma kotunanmu suna bukatar tafintocin da aka horar, ba wanda aka kira daga bakin ƙofa don an ji yana jin harshen ba.

Ina da roƙo gare ka kai ma, Malam Edita. A kwana ukun nan ban ga wakilin jaridar Hausa ko na gidan rediyo ko ɗaya ba, kuma laifin namu ne, domin takardar gayyatar ma da Turanci muka rubuta ta, manyan ofisoshi kaɗai muka kai wa. Idan gasa ta gaba ta zo, ina fata za ka ba da shafi a buga shari'ar da aka ƙirƙiro da Hausa mako guda kafin ranar, masu karatu su yi ta muhawara a kanta a majalisunsu, wanda ya sami hali ya zo ya saurara. Ni zan ɗauki nauyin fassarar, in kai wa lauyoyi biyu su duba kafin ta iso teburinka.

Kwamitin bai yanke shawara ba tukuna. Ɗan ƙanwata ya ce zai sake gabatar da maganar a zamansu na gaba, wasu malamai biyu kuma sun nuna sha'awa, ko da yake ɗayansu yana ganin a fara gwadawa ba tare da maki ba. Na gaya musu ƙararrawa da kwalayen lokaci suna wurina a ajiye, kuma idan an amince zan koma tsohon aikina in tsaya tafinta a ɗaki guda. Na kuma je na sami Baba mai gadi na tambaye shi ko zai yarda ya zauna a matsayin manomin. Ya ce ya yarda, da sharaɗin a sa masa kujera a gaba, domin a wancan karon daga bakin ƙofa ko fuskar alƙalan bai gani sosai ba.

Wassalam.

Naka,
Tsohon rajistaran kotu,
Tudun Wada, Kaduna.